Taswirar abincin rahusa a Kano: inda aikin ya kwana

Asabar, 12 ga Oktoba, 2024

A wannan makon aka soma. Abin da ake son fitarwa taswira ce ta wuraren da ma'aikaci, ɗalibi, yaron shago ko baƙon da ya shigo Kano sari zai ci ya ƙoshi da kuɗi kaɗan. Ba a sa manyan gidajen abinci masu na'urar sanyaya ɗaki a lissafi ba. Waɗanda ake bi su ne masu tebur, masu rumfa, masu shayi, masu tuya a bakin titi, da matan da ke dafawa a cikin gida ana fito da shi waje.

Sai da aka fara tsayar da abin da ake kira rahusa, don abin da wani ya raina shi ne kuɗin yinin wani. An ɗauki mafi ƙarancin albashi na ƙasa, N70,000, wanda aka sa wa hannu a watan Yulin bana, da kwanakin aiki 26 a wata. Gwauron da zai iya ba cikinsa rabin albashi yana da kusan N1,350 a rana. Mai iyali da ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku ba yana da kusan N900. A cikin wannan kuɗin ake so karin kumallo da abincin rana da ruwan sha su fito. Na dare an bar wa gida.

Ba za a rubuta farashi a jikin taswirar ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa hauhawar farashin abinci a kashi 40.87 cikin ɗari a watan Yuni, ga litar fetur ta haura N1,000 a wannan wata na Oktoba. Farashin da aka buga yau, kafin a gama raba takardar ya zama ƙarya. Alama uku za a yi amfani da su: kore ga wurin da ya shiga N900, ruwan ɗorawa ga wanda ya shiga N1,350, ja ga wanda ya wuce. Kowane wuri da ranar da aka je masa ta ƙarshe a gefensa.

Kayan aikin kowane mai zagaye: sikelin kicin na batir mai ɗaukar kilo 5 yana nuna giram ɗai-ɗai, ma'aunin zafi mai tsinke, roba mai murfi da aka riga aka san nauyinta, da takardar cikewa. A takardar ana rubuta unguwa, alamar gane wurin, abin da ake sayarwa, lokacin sauke tukunya, lokacin ƙarewa, nauyin abin da aka zuba, yadda ake biya, da inda ake wanke kwanuka. An raba gari kashi shida: Fagge da Kantin Kwari da Singa, Sabon Gari da Bata, cikin birni daga Kurmi zuwa Rimi, Zoo Road da Farm Centre, Unguwa Uku da Na'ibawa, Kabuga zuwa Rijiyar Zaki.

Asabar, 26 ga Oktoba, 2024

Kuskuren farko ya fito. Masu zagaye sun riƙa ɗora roba a sikeli a gaban mai abinci. Wata ta ɗauka daga hukuma aka zo, sai ta ɗaure fuska, wata kuma ta cika roba fam don a rubuta ta da kyau. Duka biyun sun ɓata awo. An soke duk awon makon farko. Yanzu ana saye kamar kowa, a bar wurin, a auna a wani lungu. Kuma sai an je wuri sau uku, a ranaku daban da lokuta daban, kafin a ba shi alama, don hannun mai zubawa da safe ba ɗaya yake da hannunta ba idan tukunya ta kusa ƙasa.

Gyara na biyu: an ƙara gurbin kuɗin adaidaita sahu. Abincin da ya fi araha da N200 amma sai an hau adaidaita zuwa da dawowa, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ƙa'idar da aka tsayar ita ce duk wurin da zai shiga taswira a ƙarƙashin wata kasuwa ko ma'aikata, ya kasance tafiyar ƙafa ce da ba ta wuce minti goma ba.

Tun ranar 21 ga wata babu wutar lantarki a yawancin Arewa, bayan layin Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi, ga na Shiroro zuwa Kaduna dama a lalace. Abin ya taɓa aikin ta wajen ƙanƙara da niƙa. Ruwan leda mai sanyi da zoɓo da kunun aya sun yi tsada ko sun ɓace, masu markaɗen wake sun koma injin fetur da dizal. An dakatar da awon duk abin sha har wuta ta dawo. An kuma hana masu zagaye sayen farfesu da miyar nama da ba a ga an dafa a ranar ba, tunda firji ya zama akwati.

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Gwamnatin Kano ta sanar da N71,000 a matsayin nata mafi ƙarancin albashi. Bambancin bai kai N20 a rana ba a lissafinmu, don haka iyakokin suna nan yadda suke.

An kammala zagayen karin kumallo a Fagge, Sabon Gari da cikin birni. Abin da ya fito fili, wanda kuma zai juya yadda za a tsara taswirar gaba ɗaya, shi ne abincin titi a Kano kashi biyu ne ta fuskar farashi. Akwai wanda ke bin kasuwar hatsi ta Dawanau, akwai wanda ke bin kamfani.

Koko, kunu, ƙosai, waina, alale, ɗanwake, dambu, tuwo, fura, duk daga gero, dawa, masara, wake da shinkafar gida suke. Farashinsu yana tashi da damina, ya sauko da kaka idan sabon hatsi ya shigo Dawanau. Teburin mai shayi kuwa kusan duk abin da ke kansa daga kwali ko gwangwani ya fito: madara, Milo, Lipton, sukari, Indomie, da biredi na alkamar da ake shigo da ita daga waje. Wannan ba ruwansa da kaka. Dala da dizal yake bi, kuma idan ya hau ba kasafai yake saukowa ba. Gurasa da fanke da taliya, duk da sun zama 'yan gida, a wannan layin suke, don fulawa ce uwarsu.

Shi ya sa haɗin kauri da biredi da wainar ƙwai, ko Indomie biyu da ƙwai biyu, bai shiga kore ba a ko'ina, sau da yawa shi kaɗai yake cinye kuɗin yini. Ƙaramar Indomie giram 70 ce, kuma ba ta riƙe ciki zuwa azahar ga mai aikin ƙarfi. Wanda ba zai iya rabuwa da mai shayi ba, ya karɓi ruwan bunu da biredi, ya sayi dafaffen ƙwai maimakon soyayye, don a soyayye ana cajin mai da albasa da wuta.

Koko da ƙosai ne ke kan gaba. Abin lura a wurin mai ƙosai man suyarta ne. Idan wuta ta yi ƙasa, ƙosai yana shan mai, ya yi nauyi a hannu, ya jiƙa takarda, ya kuma tsaya a ƙirji. Idan man ya yi baƙi yana kumfa yana hayaƙi, an juya shi ya gaji. Ƙosai mai kyau ba shi da nauyi, cikinsa da ƙofofi, alamar an buga ƙullun sosai. Wanda aka haɗa wa garin rogo ko masara don ya yi auki, cikinsa cunkus yake. Lokacin saye daga bayan asuba zuwa ƙarfe takwas ne. Bayan nan sai ragowar da ta huce.

Waina da miyar taushe ta fi koko riƙe ciki, amma a yi hattara da tambayar "a sa nama?" A nan kuɗin ke tsalle.

Asabar, 23 ga Nuwamba, 2024

Abincin rana, kuma nan ne aikin ya fi nauyi. An gama Kwari, Singa, Wambai da Kurmi.

Don a gane ko mai abinci tana tsuga kuɗi ko tana kamantawa, ga lissafin da ake yi. Ɗanyar shinkafa kilo ɗaya tana ba da dafaffiya kilo biyu da rabi zuwa uku. Idan faranti giram 350 ne, kilo ɗaya zai fitar da faranti bakwai zuwa takwas, buhu mai kilo 50 kuma tsakanin 350 da 400 da ɗoriya. A raba kuɗin buhu na ranar da wannan adadin, an sami kuɗin shinkafar da ke cikin faranti. Abin da ya hau kai na wake ne, da mai, da itace ko gawayi, da ruwan 'yan garuwa, da ladan masu wanke-wanke, da hayar rumfa, sannan riba. Busasshen wake shi ma yana ninka nauyinsa sau biyu da 'yan kai idan ya dahu. Wanda ya yi wannan lissafin sau ɗaya zai ga a shinkafa da wake ribar ba ta taka kara ta karya ba. Ribar tana cikin yankan nama, da lemon kwalba, da robar zubawa.

Garau-garau shi ne ginshiƙin taswirar a duk kasuwannin nan. Ba miya, ba nama dole, shinkafa da wake ne da mai da yaji, wani lokaci da ɗan salak. Abin da ake aunawa a cikinsa rabon wake da shinkafa ne, don wake ne ke riƙe ciki, shi ne kuma masu abinci suka fara ragewa da ya yi tsada a bana, har wani farantin sai an tona ake ganin ƙwayarsa. Ana ɗibar cokali biyar daga wurare daban na robar, a ware wake gefe, a auna. An tsayar cewa sai wake ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyi kafin wuri ya sami kore. Sabon wake ya fara shigowa, ana sa ran rabon zai gyaru kafin ƙarshen Disamba, saboda haka duk wurin da ya faɗi a wannan zagayen za a sake komawa.

Ɗanwake yana bi masa. Garin wake ne da na rogo ko fulawa, da kuka da kanwa. Matsalolinsa uku. In an jefa shi manya-manya ko an tsame da wuri, tsakiyarsa gari ce. In kanwa ta yi yawa, ya yi duhu ya yi ɗanɗanon sabulu, ciki kuma ya ɗauki ƙugi. Wanda fulawa ta rinjaya yana da santsi da danƙo kamar roba, kuma yunwa na dawowa da wuri. A nemi wanda ake tsamewa daga tukunya a gaban mai saye.

Dambu da zogale, fate, da taliya da manja duk sun shiga kore a mafi yawan wurare, sai dai taliya ba ta kai yamma. Tuwo da miyar kuka ya fi samuwa da dare da kuma kusa da tashoshin mota. A Sabon Gari teba da miyar agushi ko kuɓewa tana iya shiga ruwan ɗorawa idan an ce ba nama. Sakwara ja ce ko ta ina.

Yadda ake furta oda yana canza abin da ke shiga faranti. Wanda ya ce "a ba ni faranti ɗaya" ya miƙa wuya, za a haɗa masa da nama da salak a faɗa masa kuɗi daga baya. Wanda ya saba cewa yake yi, "Hajiya, a zuba min ta ɗari biyar, wake ya fi yawa, ba nama." A ambaci kuɗi tun farko, a ambaci abin da ba a so. Gyara kuma ana neman ta ne kafin a zuba mai da yaji, da fara'a, ba a gaban dogon layi ba. In tukunya ta zo ƙarshe, ƙanzo sau da yawa kyauta ne ga mai so.

Lokaci: yawancin masu garau-garau na kasuwa suna sauke tukunya tsakanin sha ɗaya da sha biyu. Daga fitowa sallar azahar layi yake cika. Wanda ya je kafin azahar ya sami mai zafi, ya sami hannu a sake.

Asabar, 7 ga Disamba, 2024

Gajeren bayani kan biya. Daga 1 ga wannan watan OPay, Moniepoint da PalmPay sun fara cire harajin N50 a kan kuɗin da ya kai N10,000 da ya shiga asusu. Bai shafi kuɗin faranti ɗaya ba, sai mai biyan wata. Abin da ya fi damun mai ci shi ne ƙarancin takardun kuɗi a na'urorin banki, wanda ke tura mutum wurin mai POS. Cire kuɗin abinci kullum-kullum asara ce, don cajin ƙaramin kuɗi ya fi ciwo. A cire na mako gaba ɗaya, a nemi 'yan ɗari da ɗari biyu. Rashin canji yana sa a ce "cika min da ƙwai" ko "bar shi sai gobe", kuma goben ba kullum ake tunawa ba.

An ƙara gurbi a takarda: tana karɓar taransifa ko a'a, asusun nata ne ko na maƙwabcin shago. In na maƙwabci ne, sai an jira ya tabbatar kafin a tafi.

Asabar, 21 ga Disamba, 2024

Hunturu ya kankama, kayan lambu na noman rani sun fara shigowa daga Kadawa, Kura da Garun Malam. Tumatir, latas, kabeji, karas da albasa mai lawashi suna sauka a 'Yan Kaba, kuma an ga alamar hakan a faranti: salak ya yawaita, miya ta yi ja na gaske. Daga yanzu zuwa Maris ne lokacin da kwaɗon latas ko na zogale da ƙuli zai iya zama abincin rana shi kaɗai.

An auna nama. Yankan da ake ɗorawa a kan shinkafa, idan aka raba kuɗinsa da nauyinsa, shi ne abu mafi tsada a faranti, wani ma rabinsa ƙashi ne ko jijiya. Abin da ke maye gurbinsa: dafaffen ƙwai, wanda ke da sinadarin gina jiki kusan giram 6, awara, wadda ta waken suya ce kuma ta fi kowa araha a wannan fannin, ko ƙarin wake kawai. Ganda tana ba baki aiki amma amfaninta a jiki kaɗan ne. Mai kwaɗayin nama gara ya haƙura kwana biyu ko uku, ya haɗa kuɗin ya sayi balangu a yanka a gabansa. A tsire, garin ƙuli yana ɓoye sirantar naman, ido ba ya gane abin da ke jikin tsinke sai an karkaɗe.

Gurasa: duk da tana bin fulawa, bandashe, wato gurasar da aka haɗa da garin ƙuli da mai, ya shiga kore a cikin birni, musamman kusa da Jakara inda ake gasa ta a tanderu, don ba ta sha hannun dillalai ba. Da zarar ta yi nisa, ko an haɗa ta da tsire, ta canza launi a taswira.

Fura da nono abinci ne cikakke, ba abin sha ba. Abin dubawa nonon ne. Wanda aka tsinka da ruwa aka kaurara da garin ƙwame yana da tsami mai kaifi, kuma ruwa yana kwantawa a sama in ya ɗan zauna. Kindirmo ya fi tsada amma ya fi auki. Ruwan da ake damawa da ƙanƙarar da ake sakawa su ne inda ciwo ke shiga.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

An shafe mako uku kan tsafta, don kwana biyu a kwance da kuɗin magani sun isa su cinye rarar wata guda.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ake bi: dafaffen abinci ya zauna da zafi sama da digiri 60, ko da sanyi ƙasa da digiri 5, kuma kada ya wuce awa biyu a ajiye tsakanin nan. Ana soka tsinken ma'auni a tsakiyar abin da aka saya nan take bayan barin wurin. Wuraren da tukunya ke kan murhu ana zubawa daga ciki ba su da matsala. Matsalar tana ga kula. Kula tana riƙe zafi na 'yan awanni, amma duk buɗewa tana zubar da shi, kuma in ta yi rabi ta fi saurin hucewa. Abincin da aka zuba da hantsi, zuwa la'asar ɗumi-ɗumi yake, wanda shi ne yanayin da ƙwayoyin cuta suka fi so. Da iskar hunturu abin ya fi sauri.

Shinkafa ta fi kowanne haɗari a nan. Akwai wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashe ƙwanta. In shinkafa ta huce ta daɗe, sai ta farfaɗo ta saki dafi, kuma sake ɗumamawa ba ya karya dafin. Alamarta amai ne cikin awa ɗaya zuwa biyar bayan ci. Saboda haka an sa wa duk mai sayarwa daga kula lokacin rufewa a taswira: bayan ƙarfe uku ba a ba da shawarar shinkafarta, ko da ta rage kuɗi. Ragin yamma ya halatta a kan abin da ake soyawa ko gasawa a gaban mutum.

Sauran abubuwan da ke sauke wuri daga taswira, ko da abincinsa ya fi na kowa araha: bahon wanke-wanke guda ɗaya da ba a canza ruwansa, hannu ɗaya na karɓar kuɗi yana yanka salak, kofi ɗaya a bakin randa kowa na tsomawa, tebur a kan kwata a buɗe. Wuraren da suka yi kyau suna da baho biyu ko uku, na sabulu da na ɗauraya, da buta a gefe don wanke hannu da ruwa mai zuba. An sauke wurare da dama a wannan zagayen, ba za a ambaci sunansu ba, an dai faɗa wa masu su dalili, kuma za a koma bayan wata guda.

Salak shi ne abin da ba ya ganin wuta. Inda ba a ga yadda ake wanke shi ba, a ce a bar shi, a karɓi albasa da aka ɓare a gaban mutum. Ruwan leda a duba lambar NAFDAC, a goge bakin kafin a fasa. Leda ɗaya rabin lita ce. Mai zaman shago ko ofis ya sayi jaka mai guda 20 ya ajiye, ya fi sayen ɗai-ɗai nesa ba kusa ba. Mafi sauƙi ma ya taho da gorarsa daga gida.

Roba mai murfi ta kanka tana maganin abu uku: kuɗin robar zubawa, farantin da ba a san wankinsa ba, da zuba abinci mai zafi a baƙar leda.

Asabar, 1 ga Fabrairu, 2025

An shiga ɓangaren da ya fi wuyar sakawa a taswira, wato abincin cikin gida. A unguwannin cikin birni da Fagge da Kurna matan aure da yawa suna dafa ɗanwake, alale, dambu, waina da tuwo na sayarwa. Ba haya, ba ma'aikata, don haka awonsu ya fi na bakin titi a kusan duk inda aka gwada. Amma gidajen ba a shiga, yaro ake aikawa da kwano, kuma ba alama a ƙofa. An yanke cewa ba za a sa gidan kowa a taswira ba. Za a rubuta unguwa kawai, da irin abincin, da shawarar a tambayi mai shagon bakin layi.

An kuma duba biyan wata. Yadda ake yi: mutum biyar zuwa goma na layi ɗaya a kasuwa su yi magana da mai abinci ɗaya, ta riƙa aiko da kula kullum a lokaci ɗaya. Tana samun tabbacin ciniki ta sayi hatsi da yawa, su kuma su sami ragi. Inda abin ke lalacewa sananne ne. A biya wata gaba ɗaya tun farko, hatsi ya tashi a tsakiya, awo ya ragu, rigima ta tashi. Ko mutum biyu su yi tafiya su ce a cire musu. Abin da ya fi ɗorewa shi ne biyan mako-mako, ranar Asabar, a yarda da girman ludayi ko yawan malmala tun farko, a rubuta a littafi ɗaya da ke hannun mutum ɗaya, wanda zai yi fashi kuma ya faɗa tun daren jiya.

Wuraren garau-garau da suka faɗi a Nuwamba an koma musu. Wake ya sauko, kuma mafi yawansu sun haye. Waɗanda ba su ƙara wake ba duk da saukin an bar su a ruwan ɗorawa.

Asabar, 22 ga Fabrairu, 2025

Kashi huɗu cikin shida sun kammala. Saura Unguwa Uku da Na'ibawa, da Kabuga zuwa Rijiyar Zaki. A tashoshin mota an lura farashi biyu ne, na cikin tasha da na bayan katanga inda direbobi da 'yan kamasho ke ci. Na biyun za a saka. A ɓangaren ɗalibai kuma sai an auna sau biyu, lokacin karatu da lokacin hutu, don rumfuna da yawa rufewa suke idan an tafi.

Taswirar za ta fita iri biyu: ta Google Maps ga masu babbar waya, da takarda shafi ɗaya ga kowane kashi wadda za a iya turawa ta WhatsApp a matsayin hoto. Gwajin farko na hoton bai karantu ba a ƙaramar waya, an rage rubutu an ƙara girman alamomi. Masu matsalar gane launi sun sa an ƙara harafi a cikin kowace alama: K, R, J.

Asabar, 8 ga Maris, 2025

An ɗauki azumi ranar 1 ga wata, kuma kamar yadda aka zata, jadawalin ya kife. Masu abincin rana na kasuwanni sun rufe ko sun koma yamma. Da rana sai Sabon Gari, ga marasa lafiya da matafiya da waɗanda ba Musulmi ba. An buɗe shafi na daban mai suna azumi maimakon a taɓa na asali.

Daga la'asar masu ƙosai, kunu, soyayyen dankali da doya suke fitowa. Minti talatin kafin shan ruwa layi ya yi tsawo, mai tuya tana sauri, ana tsame ƙosai bai soyu ciki ba. A saya da wajen ƙarfe biyar da rabi a rufe a roba. Ƙanƙara ce ke tashin gwauron zabo a wannan zafin, 'yan layi ɗaya su haɗa kuɗi su sayi babba su fasa. Kankana da lemo a saye su da guda a 'Yan Lemo ko bakin kasuwa, yankakke a faranti ya fi tsada kuma ya sha ƙura. Masallatai da cibiyoyin ciyarwa na gwamnatin jiha suna raba buɗa-baki, an sa waɗanda aka tabbatar da farar alama, ba tare da awo ba.

Sahur ne gibin da ba a cike ba. Wanda ba shi da mai dafa masa, abin da yake samu da ƙarfe huɗu na dare mai shayi ne, wato layin kamfani mai tsada da rashin riƙe ciki. Ana gwada hanya biyu a wannan makon: sayen tuwo bayan tarawih a ɗumama shi da asuba har ya yi tururi, miya ta tafasa, da kuma ajiye fura a dama da asuba. Shinkafa ba ta cikin gwajin saboda dalilin da aka rubuta a Janairu. Masu zagaye biyu za su bi Fagge da Unguwa Uku daga ƙarfe uku zuwa kiran assalatu ranar Talata da Alhamis, don a rubuta masu tuwo da ke kunna wuta a wannan lokacin. Awon Kabuga an ɗage shi zuwa bayan salla.